Ƙuri'a Ɗaya

Asabar ce, zafin Sakkwato ya kai wuya,
fanka ɗaya ke juyi a zauren, ita ma da ƙyuya.
Mu arba'in da bakwai ne, masu koyar da cimaka mai gina jiki,
daga Illela, daga Yabo, wasu tun asuba suke kan hanya,
mun zo zaɓen wanda zai ja ragamar ƙungiya.

Akwatin ƙuri'a bai iso ba.
Aka ɗauko bahon sikelin awon jarirai,
wanda ya rungumi 'ya'yan mutane ba adadi,
aka ce yau mu zai auna.

Malam Arzika ya fara tashi,
riga ta sha guga, takardu a hammata.
Ya ce ya san kowace ƙofa a ma'aikata,
ya san mai sa hannu, ya san mai danne takarda a durowa.
"Alawus ɗinku na wata bakwai,
ku ba ni kwana sittin, ku ga aiki."
Bai zauna ba yaransa suka bi layi
da lemon kwalba mai raɓa da cincin a leda.
Mu da ke hana uwaye shayar da yara zaƙi
muka sha har da lumshe ido.
Ni ma na sha. Biyu.

Sai Inna Kulu ta Wurno ta miƙe a hankali,
gwiwa na ƙara, tef ɗin awon damtse rataye a wuya,
ja da rawaya da kore, duk sun koɗe.
"Mi za ni ce muku?" in ji ta.
"Gero awo shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya.
Shekara ashirin da biyu ke nan ina faɗi,
kuma ɗiyan da ni auna suna ja,
yau wasu na kawo mini nasu ɗiyan."
Ta koma ta zauna. Iyakar kamfen ɗin ke nan.

Ita ta koya mini zama a tabarmar tsohuwa
mai cewa ƙwai na sa yaro sata,
kada in musa, in fara tambayar lafiyar awaki,
sai hira ta nuna a sako maganar ƙwai.
Ita ta riƙe mini hannu ran da yaron farko ya mutu a gabana.

Amma mai gidan haya a Mabera bai san zogale ba,
kuɗin makarantar Luba ba a biya da garin kunu.
Na juya baya, na kare takarda da tafin hannu,
na rubuta suna, na ninke sau huɗu,
kamar ninki zai rage masa nauyi.

Ni aka ba ƙirga.
Arzika, Kulu, Kulu, Arzika,
muryata na fita, maƙogwaro na bushewa.
Ashirin da uku nan, ashirin da uku can,
saura ɗaya a gindin baho,
ƙarama, mai ninki huɗu.

Na san rubutun.

Ita ta fara tafi.
Ta yi masa addu'a, Allah ya taya riƙo,
ta roƙi abu guda: sikelin Wurno ya karye tun bara,
in an gama da wannan, a ba ta aro.
Aka yi dariya, aka naɗe mata shi a buhu.

Ba ta jira hoto ba, motar garinsu ba ta kai magariba.
A bakin ƙofa ta kamo gefen mayafina,
ta danƙa mini ƙulli mai ƙanshin suyar gyaɗa.
"An ce yaye kike yi.
Ki dama da kauri, kar ki cika sukari."
Ba ta tambaye ni komai ba.

Yanzu dare ya yi, ina gaban murhu,
kunu na tafasa, ƙaramin na jan zanena.
Wata bakwai na alawus, watakila su zo.
Na ɗanɗana ludayi.
Awon daidai yake, shida, uku, ɗaya,
ko gishiri bai nema ba.